Wai da gaske ne kalmar "weird" ta Turanci da can ƙaddara take nufi?

Wani ƙanena ɗan aji biyu a jami'a ne ya turo min tambaya, yace malaminsu ya faɗa musu a aji wai kalmar weird asalinta ƙaddara take nufi, shi kuma abin bai shige shi ba, don shi dai a saninsa in aka ce mutum weird ne to ana nufin wani irin mutum ne, komai nasa banbaraƙwai. Yace ko dai malamin ya haɗa ta da wata kalma ce daban, in kuma gaskiya ne to ta ina ƙaddara ta bi ta koma banbaraƙwai.

Toh ƙanena, malaminku gaskiya ya faɗa muku. Kuma ba wai ma'anar ta riƙa zamewa bane a hankali a hankali kamar yadda kalmomi da yawa suke yi. Ita wannan sai da ta kusa mutuwa murus a Ingila, taje ta laɓe a Sikotland shekaru aru-aru, sannan wasan kwaikwayo ɗaya tal ya dawo da ita, waɗanda suka karɓe ta kuma suka yi mata gurguwar fahimta, to wannan gurguwar fahimtar ce yau ta zama ma'anarta a ƙamus. Bari in ɗauko maka ita tun daga tushe.

Mutanen da suka kai Turanci tsibirin Birtaniya, wato Angul da Sakson da Jut, tsallakowa suka yi daga arewacin Jamus da Denmark tun a ƙarni na 5. Turancinsu in aka ajiye maka shi yau ko layi ɗaya ba za ka iya kaiwa ƙarshe ba, kai ko Baturen Landan sai ya zauna a aji an koya masa. A wannan tsohon Turancin ne ake da kalmar wyrd. Ka riƙe wannan da kyau don nan gaba shine zai warware maka komai: wyrd suna ce, ba sifa ba. Ba a cewa mutum wyrd ne ko abu wyrd ne, sai dai ace wyrd ɗin wane, kamar yadda mu zamu ce ƙaddarar wane ko rabon wane. 'Yar uwar wata aikatau ce da suke da ita, weorthan, ma'anarta zama ko kasancewa, kaga kenan wyrd shine abin da ya kasance, abin da ya afka wa mutum, yadda lamari ya kaya. Ita wannan aikatau ɗin ta mutu a Turanci amma tana nan da ranta a Jamusanci, werden, kullum suna amfani da ita. A Turanci ɗan ɓurɓushinta kawai ya rage, a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 akwai inda aka ce "woe worth the day" a littafin Ezekiel, wato kaiton wannan rana, to worth ɗin nan ba na daraja ko farashi bane, ita ce tsohuwar aikatau ɗin.

In ka ƙara tonawa ƙasa, masana tarihin harsuna sun mayar da ita ga wani tushe da suke rubutawa wert, mai ma'anar juyawa. Wannan tushen ba a rubuce aka same shi ba, harsuna 'yan uwan juna aka jera aka gano shi. Daga shi Latin ta samu vertere, wadda ta haifa wa Turanci su reverse da convert da version da anniversary, wato zagayowar shekara, hatta ward ɗin da kake gani a ƙarshen forward da toward daga gidan yake. Jamusawa ma sunan da suke kiran ɗan dunƙulen nan na gindin mazari mai sa shi juyawa, Wirtel, daga nan ya fito, kuma zaka ga anjima yadda kaɗi da zare suka shigo maganar.

Inda zaka ga wyrd tana aiki sosai shine a waƙoƙinsu. Babbar cikinsu ita ce Beowulf, layi 3182, kwafi ɗaya tal ya rage a duniya na rubutun hannu wanda aka rubuta wajen shekara ta 1000, shima ɗin da ƙyar ya tsira daga wata gobara a 1731, gefen takardun duk sun babbake, yanzu yana babban laburaren Birtaniya a Landan. Akwai inda jarumin zai je ya tari wani dodo mai suna Grendel hannu da hannu ba takobi, yana yiwa sarki bayanin abin da za a yi da sulkensa in ya mutu, sai ya rufe da cewa "Gaeth a wyrd swa hio scel", na sauya maka haruffa biyu da babu su a wayarka, ma'anar dai wyrd tana tafiya ne yadda dole sai ta tafi. Bahaushe zai ce ƙaddara ta riga fata. Amma ni layin da yafi burge ni shine wani can gaba kaɗan inda yace sau da yawa wyrd tana kuɓutar da mutumin da kwanansa bai ƙare ba, in dai jarumtarsa bata gaza ba. Ka lura da sharaɗi biyun nan, kwananka bai ƙare ba, sannan kuma kai baka karaya ba. Wato su a wajensu yarda da wyrd ba naɗe hannu bane a zauna, a'a, tunda dai ba zaka wuce ranarka ba to meye na gudu daga fagen fama. Kalmar da suka yi amfani da ita ga wanda ajalinsa ya kusanto kuwa ita ce ta zama fey, wadda 'yan Sikotland suka daɗe suna faɗa wa mutumin da aka ga yana wani irin rawar kai da farin ciki da ba a saba gani ba, ace to wannan ajali ne ke kiransa. Akwai kuma wata waƙar a wani kundi na ƙarni na 10 da har yau yake ajiye a babban cocin garin Exeter, ta wani bawan Allah da ubangidansa ya mutu, abokansa suka ƙare, yana yawo shi kaɗai a kan teku cikin sanyi, a nan aka ce "wyrd bith ful araed", wato wyrd ba ta da makawa, an riga an gama.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara. In ka shiga intanet zaka ga ana ta rubuta cewa wai Wyrd wata gunkiya ce da Turawan da suke bautawa, har da zanenta da su tambari. Ni dai ina ja da wannan, kuma masana da yawa na wannan fannin sun ja da shi tun tuni. Dalili kuwa, kusan duk abin da muke da shi na tsohon Turanci malaman coci ne suka rubuta shi, bayan Kiristanci ya shiga ƙasar, don tun 597 Augustine ya sauka a Kent da wa'azinsa. Babu wani bamagujen Ingila da ya bar mana littafinsa da hannunsa yace ga abin da muke nufi da wyrd. Abin da ya ja mutane ga wancan ra'ayin shine 'yan uwansu na arewa, mutanen Norway da Iceland, su kam tabbas suna da labarin wasu mata uku da ake kira Norn, suna zaune gindin wata ƙatuwar bishiya da ke riƙe da duniya, kusa da wata rijiya, suna yanke wa kowane jariri kwanakinsa. Sunan ta farkon Urd, kuma kalma ɗaya ce da wyrd ba ko tantama. Ta biyu Verdandi, daga wannan aikatau ɗin dai ta kasancewa. Ta uku Skuld, 'yar uwar shall da should na Turanci, wato abin da ya zama dole kamar bashi. Amma su ma a ƙarni na 13 aka rubuta mafi yawan labarin nasu a Iceland, kuma kasancewar maƙwabcinka yana da abu ba ya nufin kai ma kana da shi. Girkawa ma suna da nasu matan uku, ɗaya tana kaɗa zaren rayuwar mutum, ɗaya tana aunawa, ɗaya tana tsinkewa, Rumawa suka kira nasu Parcae. Da malaman cocin Ingila suka zo rubuta 'yan ƙananan ƙamus na Latin tun wajen ƙarni na 8, da suka iso kan Parcae sai suka fassara ta da jam'in wyrd. Kaga ta iya yiwuwa ma daga littattafan Latin ɗin ne kalmar ta fara samun siffar mata uku a Ingila, ba daga gargajiyarsu ba.

Su Kiristocin kuma basu jefar da kalmar ba, gyara mata zama suka yi. Akwai wani Barume mai suna Boethius da ya rubuta littafi a kurkuku wajen 524 yana jiran a kashe shi, yana tambayar kansa dalilin da yasa mutumin kirki ke wahala mugu na shan daɗi. An fassara littafin zuwa tsohon Turanci, kuma ana jingina fassarar ga Sarki Alfred wanda ya rasu a 899. A ciki aka bambance abu biyu, aka ce muddin abu yana cikin sanin Ubangiji bai auku ba tukuna to sunansa tanadin Ubangiji, in ya auku a duniya kuma shine muke kira wyrd. Wato an sa wyrd a ƙarƙashin ikon Allah, ba wata aba ce mai cin gashin kanta ba. Duk wanda ya zauna gaban malam aka yi masa bayanin ƙada'u da ƙadar zai ji kamar ya taɓa jin irin wannan rabe-raben, kodayake ba cewa nake abu ɗaya bane, kowanne da gidan da ya fito.

Sai 1066 ta zo, Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan mutane na tsawon lokaci. Kalmomi suka yi ta kwararowa, kuma a kan maganar ƙaddara kaɗai sai da wyrd ta samu kishiyoyi har uku a Turanci. Fortune ta shigo, destiny ta shigo daga Latin destinare wato a tsayar da abu a kafe shi, fate ma ta shigo a ƙarni na 14 daga fatum, wato abin da aka riga aka furta. Abin dariya ma ita fate ɗin ta yi irin tafiyar da weird ta yi, don daga jikinta aka samu fata a bakin mutanen Rum na baya, ta zama fae a tsohon Faransanci, ta zama fairy, 'yan aljanun nan masu fukafukai na tatsuniyar yaran Turawa. Doom kuwa 'yar gida ce, da can hukunci kawai take nufi, na alƙali ko na sarki, mai daɗi ko marar daɗi, yawan haɗa ta da ranar hisabi ne yasa ta koma halaka zalla. To a cikin wannan cunkoson wyrd ta fara ja da baya. Mawaƙin Ingila Chaucer wanda ya rasu a 1400 ya yi amfani da ita, ya rubuta wierdes, amma daga bayansa a kudancin Ingila sai ta yi ta dusashewa, kafin zamanin Shakespeare mutumin Landan na kan titi bai ma santa ba.

A arewa ne ta samu mafaka. 'Yan Sikotland suka riƙe ta a matsayin suna yadda take tun asali, har suna da wata magana "dree your weird", wato ka haƙura ka ɗauki abin da aka rubuta maka, har yau in ka samu tsofaffin littattafansu zaka ganta. Kuma a can ne aka riƙa kiran matan nan uku masu yanke rabo da weird sisters. Ka tuna abin da nace ka riƙe. Weird a nan suna ce aka jingina da wani sunan, kamar ace 'yan uwa mata na ƙaddara, ba wai ana siffanta kamanninsu bane.

Yanzu sai Macbeth. Shi fa mutum ne na gaske, ya yi sarautar Sikotland daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen yaƙi ya kashe Sarki Duncan ba a kan gado yana barci ba kamar yadda wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Macbeth ya nuna, amma wannan maganar wata rana ce. Wajen 1420 wani malamin coci mai suna Andrew na Wyntoun ya rubuta tarihin ƙasar a waƙe, a ciki yace Macbeth mafarki ya yi yaga mata uku da ya ɗauka weird sisters ne, suka yi masa albishir da sarauta. Mafarki fa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1527, Hector Boece ya rubuta nasa tarihin da Latin, shi kuma ya fito da matan daga mafarki ya tsayar dasu a kan hanya ido na ganin ido. John Bellenden ya mayar da littafin zuwa harshen Sikotland ya sa musu weird sisters, daga nan Raphael Holinshed ya kwasa ya zuba a nasa babban littafin tarihin da ya fito a 1577 aka sake bugawa a 1587. Kuma abin lura, Holinshed da ya rubuta weird sisters sai da ya tsaya ya yi wa masu karatunsa na Ingila fassara, yace wato allolin ƙaddara mata, ko kuma wasu aljanu. In da sun san kalmar ai ba sai ya fassara ba. A bugun 1577 ɗin har da zane, kuma in ka ga zanen zaka yi mamaki, mata ne uku cikin shiga ta alfarma, dogayen riguna masu ado, gashi a gyare, tsaye gindin bishiya suna tarar mahaya biyu, ba tukunya ba tsumma ba komai.

Shakespeare daga littafin Holinshed ya ɗauki labarin, ya rubuta wasansa wajen 1606. To a lokacin wa ke kan gadon sarautar Ingila? James ne, ɗan Sikotland, wanda ya hau a 1603, mutumin da maganar mayu ta shiga ransa sosai, shi da kansa ya zauna aka yi wa waɗanda ake zargi da maita tambayoyi a shari'ar North Berwick da aka fara a 1590 saboda ya yarda sun tayar da guguwa a teku don su nutsar da jirginsa, ya rubuta littafi sukutum a kan aljanu da mayu a 1597, a 1604 kuma aka tsaurara dokar maita a Ingila. Kuma shine uban ƙungiyar su Shakespeare, sunan ƙungiyar ma mutanen sarki. Kaga marubuci mai wayo ya san abin da fada take son gani. Sai ya ɗauki matan nan masu alfarma ya mayar dasu wasu irin halittu. Ka duba yadda Banquo, abokin tafiyar Macbeth, ya kwatanta su da ya fara ganinsu, yace sun yanƙwane, shigarsu kamar ta mahaukata, basu yi kama da mazauna duniya ba amma gasu a kanta, kowacce ta ɗora wani yatsa mai faso a kan busasshen leɓenta, yace kamata yayi ace ku mata ne amma gemunku ya hana ni yarda. Ga tsawa ga walƙiya, ga tukunya ana jefa idon ƙadangaren ruwa da yatsan kwaɗo da harshen kare a ciki. Amma duk da haka bai canza musu suna ba, a bakinsu da bakin Macbeth da Banquo sunansu dai na nan na ƙaddara. Kalmar mayya a bayanin fitowa da shiga na wasan tafi yawa, a cikin maganganun kuwa Macbeth bai taɓa kiransu da ita ba.

Sai kuma wani rikicin ya ƙaru a maɗaba'a. Wasan bai fito a buga ba sai 1623, shekara bakwai bayan rasuwar Shakespeare, a babban kundin wasanninsa na farko. In ka buɗe wannan bugun ba zaka ga weird ba ko sau ɗaya. Sau shida kalmar ta zo, uku an rubuta weyward, uku an rubuta weyard. Har yau ana muhawara, wasu sun ce masu jera haruffa ne ko magatakardan da ya kwafe wasan basu san kalmar ba suka karkatar da ita zuwa wayward da suka sani, wato kangararre, wasu sun ce a'a haka ake furta ta da gaɓa biyu shi yasa aka rubuta haka, kuma gaskiya in ka auna layukan da ma'aunin waƙar a wurare da dama gaɓa biyun suke nema. Wasu kuma sun ce da gangan Shakespeare ya yi don ya jefi tsuntsu biyu. Ni na fi karkata ga maganar furuci, don mutumin da Holinshed ke buɗe a gabansa ya san sarai me kalmar take nufi. Haka dai aka yi ta bugawa sama da shekara ɗari, sai a 1733 wani edita mai suna Lewis Theobald ya koma ya duba Holinshed da littattafan Sikotland, yace jama'a wannan fa weird ce, ya gyara. Daga bugunsa ne rubutun da muka sani yau ya zauna.

Toh yanzu ka sa kanka a matsayin Baturen Landan na wajen 1780. Kalmar nan baka taɓa jinta a gidanku ba, baka taɓa jinta a kasuwa ba, waje ɗaya tal ka santa, a gaban sisters a wasan Macbeth. A Turanci kuma abin da ya zo gaban suna galibi sifa ce, old sisters, ugly sisters. Ka shiga gidan wasa ka ga an fito da wasu tsofaffi masu gemu cikin tsumma, sau da yawa ma maza ne ke fitowa a matsayinsu, suna zagaya tukunya. Me zaka ɗauka weird take nufi? Ai ba sai an faɗa maka ba, zaka ce ma'anarta masu ban tsoro, waɗanda ba na duniyar nan ba. Kamar yaron da bai taɓa jin kalmar gayya ba sai a cikin "mayunwatan gayya", in ka tambaye shi zai ce maka gayya yunwa ce. Shikenan abin da ya faru, suna ta koma sifa, ma'anar kuma aka ɗauko ta daga fuskar matan maimakon daga aikinsu.

Mawaƙan farkon ƙarni na 19 su suka ɗaure wa sabuwar ma'anar gindi, don zamani ne da ake son labarin fatalwa da kufai da dare. Shelley na cikin na farko-farko, a wata waƙarsa ta 1816 ya siffanta irin sautin da shirun dare yake yi da weird, kaga nan babu mata uku babu sarauta, kalmar ta tsinke igiya ta fita yawo ita kaɗai. A daidai wannan lokacin kuma Walter Scott a can Sikotland yana sa ta a bakin mutanen labaransa da tsohuwar ma'anarta ta ƙaddara, wato ma'anoni biyun sun yi zaman tare na ɗan lokaci kafin sabuwar ta danne tsohuwar. Daga nan sai ƙarfinta ya yi ta raguwa, daga abin da ke sa tsigar jiki tashi ta koma abin da kawai ba a saba gani ba. A 1923 aka fara buga wata mujalla a Chicago mai suna Weird Tales ta labaran dodanni da aljanu, a nan tana da sauran tsoron a jikinta. Zuwa shekarun 1950 an samu weirdo, wato mutumin da ba a gane kansa ba. Wajen 2000 mutanen garin Austin na jihar Texas har taken gari suka yi da ita, wai a bar garinsu yadda yake weird, abin alfahari kenan. A Yulin 2024 kuma gwamnan Minnesota Tim Walz ya kira su Trump da ita a talabijin, kalmar ta kama kamar wutar daji a kamfen ɗin zaɓen shugaban ƙasar Amurka, ba a jima ba Kamala Harris ta ɗauke shi ɗan takarar mataimakinta.

Game da amfani da ita yau, ka manta da ƙaddara kwata-kwata in ba a ajin adabi kake ba. In kace wa Bature "it is my weird" zai tsaya yana jiran ka ƙarasa jimlar. In ƙaddara kake nufi to fate ko destiny, kuma su ma ba ɗaya bane a kunnensu, fate tafi karkata ga abin da ya afka maka ba yadda zaka yi, sau da yawa marar daɗi, shi yasa fatal ta fito daga gidanta, destiny kuma tafi ɗaukar abin alheri da mutum zai taka, shi yasa 'yan uwanmu na kudu suke raɗa wa yara suna Destiny amma baka taɓa jin wani mai suna Fate ba. Ita kuma weird ta yau, in zan fassara maka ita ba zan ce abin mamaki ba, don mamaki yana iya zama na daɗi. "Wani iri" ɗinmu yafi dacewa da ita, naji wani iri, mutumin nan wani iri ne, abincin ya yi wani irin ɗanɗano. Tafi strange da odd nauyi kaɗan kuma tafi su zama ta hira, don haka kar ka sa ta a takardar neman aiki ko a rubutun bincike, kuma kar ka faɗa wa wanda ya girme ka ita a fuskarsa, raini ce.

Rubutunta kuma e ce kafin i, w-e-i-r-d. Dokar nan da aka koya mana a firamare cewa i ke zuwa kafin e bata aiki a nan, kuma yawancin masu kuskuren wierd wannan dokar ce ta ja su, wasu kuma waya ce ke mayar musu da ita wired su tura basu duba ba. Chaucer dai da i ya fara tasa, amma malamin da zai maka makin jarrabawa ba ruwansa da Chaucer. In kuma tambaya ta fito muku a kan matan nan uku na Macbeth, kar ka tsaya a cewa mayu ne masu ban tsoro, ka kawo maganar sunan nasu, sannan ka tambayi abin da wasan kansa yake tambaya, shin su suka sa shi ya yi kisan ko kuwa faɗa masa kawai suka yi zai zama sarki. Ka koma ka karanta fitowarsu ta farko da kyau, zaka ga babu inda suka ce masa ya kashe kowa, shi da matarsa ne suka kawo maganar wuƙa.